Kafin Ki Ce Furosesa Ya Mutu

New Bell, Douala
Bayan la'asar, ana ruwa

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki a ɗakin Goggonki Laraba a Briqueterie, kin sauka lafiya, kin wanke ƙafa, an sa miki abinci a gaba. Allah ya tsare ki daga sharrin hanyar Yaoundé, da sharrin direba mai sauri, da sharrin abokin zama mai cin soyayyen kifi a cikin mota. Amin.

Da Hausa na rubuta, don in na yi da Faransanci za ki ɗauki jan biro ki bi ni layi-layi, ki manta da abin da nake faɗa. Kin san karatun nawa. Na kai ajin ƙarshe na firamare, malam ya dube ni, na dube shi, muka yarda mun gaji da juna. Saboda haka duk inda kika ga harafi ya karkace, ki bar shi, haka ya zo duniya.

Ga abin da ya zaunar da ni. Madam mai ofishin zanen gidaje a can Yaoundé ta ce za ta ɗauke ki koyon aiki, da sharaɗin ki zo da kwamfutarki, don nata duk da masu su. Kin haɗa taki da hannunki daga kayan birokant, kasuwar tsofaffin kayan nan, wannan daga nan, wancan daga can, har ta tashi ta yi aiki, ni kuwa na bi layinmu kaf ina ba da labari kamar ni na haɗa. Sai ranar ruwan nan da aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, allo ya yi baƙi. Kika danna, kika sake dannawa, kika juyo kika ce, "C'est mort, Papa. Furosesa ne." Wato ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ta mutu. Na yunƙura zan taso, kika ɗaga mini hannu kamar ɗan sanda a Ndokoti, kika ce, "Baba, don Allah kar ka taɓa." Na koma na zauna. Sunan mahaifiyata gare ki, ban taɓa iya yi miki musu ido da ido ba. Amma kunnena bai zauna ba. Na ji kina gaya wa mamarki a kicin cewa tunda an riga an yanki tikiti za ki tafi, sai dai da kin sauka za ki kira Madam ki ce ta ba wani gurbin, ki sayar da abin da ya rage ga masu kayan gyara, ki zauna kina taya Goggo auna atamfa.

Wannan kiran ne nake so ki jinkirta. Ban ce kwamfutar lafiyarta ƙalau ba. Ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba, bambancinmu kawai ni na daɗe ina rashin sani, har na gane kamanninsa in ya zo. To ki saurari tsohon da ya binne masu rai da yawa.

Kafin a haife ki na yi aiki a shagon Pa Martin, wani mutumin yankin Bamenda mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Ba don ilimi ya ɗauke ni ba. Yana buƙatar mai hura ƙura, yana kuma buƙatar mai jin Hausa, don mutanenmu sun fara sayen kwamfuta, shi kuwa daga "sannu" Hausarsa ta ƙare. Ran nan sai ga Alhaji Ɗanjuma mai shagon buga takardu, an turo masa tasa a baro. Na gaishe shi, na ce, "Alhaji, me ya same ta?" Ya ce, "Wallahi muna cikin aiki sai ta mutu." Na juya wurin maigida, na gyara tsayuwa irin ta tafinta, na ce, "Patron, il dit que c'est mort." Pa Martin ya ce, "E don die?" Na ce, "E don die." Magana ta ƙare. Mai abu da kansa ya ce abinsa ya mutu, wa zai ɓata lokaci? Aka ba Alhaji wata, aka karɓi tasa a matsayin gawa. Kafin magariba mun yi watandarta, fanka ta tafi gidan wani, akwatin wuta ya tafi gidan wani, furosesan kuwa Pa Martin ya jefa shi a aljihun tebur.

Washegari sai ga Alhaji, wai sabuwar ma ta mutu. Aka tura ni shagonsa. Na durƙusa ƙarƙashin tebur, sai na ga wayar da ke kawo wuta daga bango, ɓera ya yi kalaci da ita. Na canza waya, sabuwa ta tashi. Alhaji ya dube ni ya ce, "To a dawo mini da tawa, na fi sabawa da ita." Na ce, "Ai Alhaji an rarraba ta, kai ka ce ta mutu." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya ce, "Yaro, ni na ce ta mutu. Ban ce ta rasu ba."

Uwata, ki tsaya nan kaɗan. A bakinmu komai mutuwa yake yi. Fitila ta mutu, a ƙara mata mai. Mota ta mutu a tsakiyar gada, a tura ta ta tashi. Kasuwa ta mutu da damina. Aure ma ya mutu, dattawa su zauna su tashe shi. Kullum muna kashe rediyo, ba wanda ya taɓa kai mu kotu. Amma in ka ɗauki wannan mutuwar ka kai ta Faransanci, ta zama mai likkafani. Ni na ɗauki mutuwar Hausa na sa mata rigar Faransanci, kuma abin da na ji kin yi ke nan ranar ruwan nan. Furosesan Alhajin, bayan wani lokaci aka sa shi a kwamfutar wani mai kemis, ya yi ta aiki har mai kemis ɗin ya aurar da 'ya'ya.

Don haka ki fara daga bango. Na san za ki ce kin fi ƙarfin wannan, to ki yi don ni. Wani soket, wata waya, wani allo in Goggo tana da maƙwabci mai kirki. Ki buɗe murfi ki sa hanci, hanci ba ya buƙatar digiri. In wani abu ya ƙone za ki ji ƙauri, ki bi ƙaurin ki ga daga ina yake fitowa. Ki lallaba kowace waya a ciki ki tabbata ta zauna, musamman 'yar gajeren nan da ke shiga kusa da furosesa, don ita ce ke kai masa abincinsa. Sannan ki tuhumi akwatin wuta, alimantasiyo ɗin nan. In wuta ta dawo da hauka, shi ne mai tsaron ƙofa, shi ake fara mari. Yana iya juya fanka ki ɗauka lafiyarsa lau, alhali abin da yake bayarwa bai isa tashin kowa ba. Ki ari wani ki gwada. Ni daga inda kika zaunar da ni na ji fankarki tana juyawa, kuma ban ji ƙauri ba. Wannan ba hujja ba ce, amma abin ya tsaya mini a rai.

Kuskurena na biyu ya faru bayan na buɗe nawa teburin, ina da gemu, ina da allo a ƙofa da sunana a jiki, har da kuskure a rubutun. Wani malamin makaranta ya kira ni gidansa a Bonamoussadi. Irin taki sak, fanka tana juyawa, allo baƙi. Wannan karon na duba bango, na duba waya, don na yi karatu a wurin ɓera. Duk lafiya. Na buɗe, na leƙa, na yi tsaki irin na masana, na cire hula na riƙe a hannu, na ce masa sai haƙuri, ƙwaƙwalwar ce ta tafi. Bawan Allah ya zauna a hannun kujera. Duk jarrabawar ɗalibansa tana ciki. Ya ce in ɗauke ta daga gabansa, in an samu mai sayen ƙarfen a sayar.

Na sa ta a kwali na ɗaura a bayan benskin, babur ɗin haya, na hau, muka nufi Ndokoti. Kin san ramin nan na kan hanya wanda ya girme ki? Mai babur ya shige shi da bismilla. Kwali ya tashi sama, ni ma na tashi, muka haɗu a hanyar dawowa. Da muka isa, mai sayen ya ce ba ya sayen ko gawa sai ya jona. Ya jona. Ta yi ƙara ɗaya, ƙit, sai ga hoton 'ya'yan malamin a allo suna yi mini murmushi. Mutumin ya dube ni ya ce, "Ita ce marigayiyar?" Na ce ita ce. Ya ce, "Allah ya ba mu irin wannan mutuwa."

Abin da ya faru, baret ce, 'yar siririyar sandar nan ta ƙwaƙwalwar wucin gadi, ta ɗan ɗago daga mazauninta, rami ya mayar da ita. Na koma Bonamoussadi da ita a ka. Malamin ya rungume ni yana tambaya me na yi mata, na ce gyara ne na musamman, a kan hanya ake yin sa. Amma mai babur ɗin ɗan layinmu ne. Kafin in iso gida labari ya riga ni, kuma daga ranar ne ake ce mini Mai Ta'aziyya. Kin girma kina jin sunan, wataƙila kin ɗauka don ina zuwa gaisuwar mutuwa ne. To ba don haka ba ne.

Saboda haka ki zare baret ɗinki duka. Iskar Douala ruwa ce da gishiri, ko cokali aka ajiye sai ya yi tsatsa, balle wannan. Ki goge bakin zinariyar da abin goge fensir, a hankali, ki hure, ki mayar da guda ɗaya tak, ki danna har ki ji ta ce ƙas. Ki kunna. In ba ta tashi ba ki canza mata rami, in ba ta tashi ba ki gwada 'yar uwarta. Akwai kuma dabarar da na fi so. Ki cire su duka ki kunna ba ko ɗaya. In katmer ɗinki, wato babban faifan da komai ke zaune a kansa, tana da 'yar ƙaramar lasifikar nan, za ki ji tana kuka, ƙit ƙit ƙit, tana neman baret. To wa ya lura babu baret? Furosesa ne. Wanda ya iya ƙorafi bai mutu ba. Ranar da aka haife ki ma shiru kika yi da farko, duk muka tsaya, sai da kika tsala ihu kakarki ta zauna. Amma ki lura, in ba ki ji kuka ba, ba shi ke nuna ya mutu ba, wataƙila lasifikar ce babu. Kuma kafin ki gaji, ki zare wuta ki cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, ki je ki yi alwala ki yi salla, ki dawo ki mayar. Wani lokaci kwamfuta ruɗewa take yi in wuta ta firgita ta, sai an mantar da ita.

Kar ki ɗauka kuskurena duk wajen binne mai rai ne. Na taɓa tura mara lafiya gona. Wani mai ofishin manyan motoci a unguwar Village ya zo neman furosesa na hannu. Na ɗauko ɗaya daga kwali, na sa, na kunna, rubutu ya fito a allo, na yi maza na kashe kafin wani abu ya canza ra'ayi. Na ce, "Ka gani? Ɗan saurayi ne." Da zan rufe sai na tarar man sanyin nan da ake shafawa tsakaninsa da fanka ya ƙare. Na duba dama, na duba hagu, na shiga ciki na ɗauko man goge baki. Fari ne, mai sanyi ne a baki, na ce ai duk ɗaya ne. Kwana kaɗan sai ga shi. Ya ce da safe tana aiki, da azahar ta ɗauke, kuma ofishinsa gaba ɗaya ƙanshin na'a-na'a yake yi. Na buɗe, man ya bushe ya zama alli. Ya ce, "Malam, mene ne wannan?" Na ce sabon samfuri ne. Ya sa yatsa ya lakata ya ɗanɗana. Ban sake ganinsa ba, sai dai ina jin gaisuwarsa a bakin mutane.

Abin da za ki ɗauka a nan biyu ne. Za ki ga masu gyara suna cire fanka su ɗora yatsa a bayan furosesa, in ya yi zafi su ce yana da rai. Na yi wannan har yatsana ya daina jin shayi. Zafi yana nufin wuta ta iso, shi ke nan. Dutsen guga ma yana zafi, ba ya lissafi. Kar ki kunna shi ba fanka don neman wannan shaidar banza. Sannan in Allah ya sa taki ta farka, kar ki yi guɗa ki ruga wurin Madam. Buɗe ido ba shi ne warkewa ba. Ki ɗora mata zanen da ya fi kowanne nauyi, mai benen nan da kike nuna mini ina gyaɗa kai kamar na gane, ki bar ta ta yi ta fama tun azahar har isha. In ta jure, to ta tashi. Man sanyi kuwa ki sayi na gaske, ki ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiya. Na goge baki ki bar wa baki.

Yanzu na zo kan wanda kika sani, don mamarki ba ta bari a yi suna ko biki a dangi ba tare da ta ba da shi ba. Kwamfutar Kawunki Isa. Ita ce dalilin da ya sa kika ɗaga mini hannu, kuma ban ga laifinki ba. Amma ke ƙarshen labarin kika sani, inda Kawu ya daina cin abincin gidanmu har azumi ya zagayo. Ga tsakiyarsa. Kwamfutar ba ta da ciwon komai, ƙura kawai ya ce in share. Na kama fanka zan cire, ta ƙi. Tsohon man ya bushe ya manne su kamar siminti. Maimakon in lallashe ta, sai na tuna ni namiji ne. Na ja. Ta fito, furosesa manne a gindinta, an fizgo shi daga raminsa ba a buɗe masa ƙofa ba. Na juya shi, alluran cikinsa sun kwanta kamar ciyawar da akuya ta kwana a kai. Na ɗauko allurar ɗinkin mamarki na zauna ina tashin su ɗaya bayan ɗaya, ina gumi, ina addu'a. Duk suka miƙe sai guda. Na ce bari in ƙara mata kaɗan. Ta karye.

A duk shekaruna a sana'ar nan, an kawo mini kwamfutocin da in an tara su za su toshe layinmu, kowa yana cewa furosesa ne. Waɗanda suka rasu da gaske ba su cika tafin hannuna ba, kuma ɗaya a cikinsu ni na kashe shi. Abin nan yana da taurin rai. Ya tsallako teku a kwantena, ya kwana a tashar jirgin ruwa, an zube shi a ƙasa a birokant ana tattakawa, ya zo ya yi aiki. Yawanci na kewaye da shi ne ke faɗuwa, a ɗora masa laifi don shi ne mai babban suna.

Naki irin na Kawu ne, mai allurai a ciki. In za ki cire shi, ki bar ta a kunne tukuna ko da allo baƙi ne, man ya ji ɗumi ya saki. Ki kashe, ki zare wuta, ki taɓa ƙarfen akwatin da hannu. Ki murɗa fankar dama da hagu a hankali kamar mai buɗe kwalbar zuma, kar ki ja sama. Ki ɗaga 'yar sandar ƙarfen da ke gefe, sannan ki ɗauke shi ta gefuna. Ki fita da shi tsakar gida da rana, ki karkata shi ki bi layin alluran da ido. In akwai wadda ta sunkuya za ki gan ta, kamar mai gyangyaɗi a sahu. Ki duba ko akwai tabon ƙuna. Wajen mayarwa akwai 'yar alama a kusurwa ɗaya, ki haɗa ta da ta ramin, zai faɗa da kansa. In sai kin danna, to ba daidai yake ba. Duk abin da ya nemi ƙarfi a cikin kwamfuta, tsayawa ake yi.

In kin bi duk wannan allo yana nan baƙi, har yanzu ba a yanke hukunci ba. Sai da shaidu biyu. Na farko, a sa naki a wata katmer da aka san lafiyarta, a ga ko zai tashi. Na biyu, a sa wani furosesa mai rai a taki katmer, a ga ko za ta ɗauka. In naki ya ƙi a gidan wani, na wani kuma ya yi aiki a gidanki, to a lokacin ne za ki cire ɗankwali, ko abin da mata ke cirewa, ki yi masa addu'a. Shaida ɗaya ba ta isa ba, don wata katmer ɗin tsohuwa ce, ba ta san shi ba, sai ta ƙi shi alhali lafiyarsa ƙalau.

Shaidar farko za ki same ta a wurin masu gyara. Ki sa Goggo ta nuna miki wanda yake salla a masallacin unguwa, don ya san za a gan shi gobe. Kafin ki fita ki ɗauki hoton rubutun da ke bayan furosesan da wayarki. Ki tsaya a kansa ya gwada a gabanki, kar ki yarda da "ki dawo anjima". Kuma ko da wasa kar ki shiga kina cewa c'est mort. Zai taya ki jimami nan take, ya ce ki bar masa ya jefar miki, kafin ki kai bakin titi yana cikin gilashi da farashi a goshinsa. Ki ce masa kawai allo ba ya kawowa. Na san su, Uwata. Ni ne su.

Shaida ta biyu ita ce mai wuya. Ba mai gyaran da zai ɗauki furosesansa mai rai ya sa a katmer ɗin da wuta ta mara, don in ita ce mai ciwon tana iya tafiya da shi. Za su yi miki dariya, kuma suna da gaskiya. To ki buɗe jakar da mamarki ta zuba miki kayan miya. Ƙarƙashin daddawa akwai gwangwanin alawa, an naɗe shi da leda. Ba alawa ba ce. Furosesan kwamfutar shago ne, raminsu ɗaya da naki, da safen nan yana aiki. Yana cikin 'yar robarsa, ki buɗe a hankali. In ya yi warin daddawa ba komai, ba ya rage masa gudu.

Ki yi da shi a ƙarshe, bayan akwatin wuta da baret da komai. In kin sa shi allo ya kawo, kin samu amsa kuma kin samu kwamfuta, ki ɗaura ɗankwali ki tafi aiki. In kin sa shi shi ma shiru, to katmer ce, kuma wataƙila naki yana nan da ransa, katmer ta hannu kuwa ba ta gagari nema ba a Yaoundé. In ta tafi da nawa, ta tafi da shi. Na riga na yi wannan lissafin, ba naki ba ne.

In kuwa komai ya ƙi, duk da haka ban yarda da kiran waya ba. Ki yi wanka ki je ofishin da ƙafarki, ki gaishe da Madam, ki gaya mata abin da ya faru da abin da kika gwada, ɗaya bayan ɗaya, ki ce ta ba ki ɗan lokaci. Wataƙila ta ce a'a. To ta faɗa da bakinta. Ba aikinki ba ne ki taya ta korar kanki. Atamfar Goggo ba inda za ta, ko badi kika zo tana nan a ninke.

Wanda ke cikin gwangwanin ba sai kin dawo da shi ba. In ya zauna daidai, ki bar shi nan. Ni dama kwamfutar shagon ba abin da nake yi da ita sai karta in kasuwa ta yi sanyi, kuma kullum ita ke cinye ni, na huta. Mamarki tana tsaye a kaina yanzu tana karanta abin da nake rubutawa, ta ce in gaya miki ƙarya nake yi, da ita nake gwada kayan mutane, kuma ban san yadda zan buɗe shago gobe ba. Kar ki saurare ta. Kin san ta da ƙari.

Ki gaishe da Goggonki da maigidanta da yara. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci kafin ki zauna gaban allo, ki sayi abin tare wuta ki sa tsakanin bango da kwamfuta tun kafin ki sayi man shafawa. Allah ya tsare ki a fita da shiga, ya tsare ki daga ruwa da wuta da mugun mutum, ya haɗa ki da masu tausayi a inda ba ki da kowa. Allah ya daidaita hannunki lokacin da za ki ɗaga 'yar sandar nan, ya hana ki gadon hannun ubanki. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya. Amin summa amin.

Wassalam,
Babanki